Allunan da Suka Yi Gabas

Duk wanda na gaya wa aikina a shekarun nan sai ya yi dariya. Mutum yana zaune a Makka, garin da ko'ina ka juya dutse ne, wai aikinsa sanin inda ɗanyen mai zai nufa in ya malale a teku. Ni ma na dara ranar da na fara hawa benen ofishinmu a unguwar Rusaifa, saman wani shagon tayoyi. Mai kamfanin ɗan Makka ne na gidi, ya ce shi ba zai mayar da ofishinsa Jidda ba ko da kuwa duk abokan cinikinsa can suke. Saboda haka teku yana can, mu muna nan, waya da kwamfuta suka haɗa mu.

Aikin ba duba ba ne, ko da yake matata haka take kiransa in tana son tsokanata. Akwai manhajar da nake ɗura wa bayanai: ƙarfin iska da inda take fitowa, gudun ruwa, cikar teku da janyewarsa, da irin man, mai kauri ne ko mai ruwa-ruwa. Sai ta zuba ɗigo-ɗigo baƙaƙe a kan taswira, kowane ɗigo a matsayin ɗan guntun mai, ta nuna mini inda za su kai bayan awa uku, bayan awa shida, bayan kwana guda. Amfanin abin a fili yake. Jiragen kai ɗauki kaɗan ne, kuma shingen roba mai iyo da ake tare mai da shi ba shi da tsawon da zai rufe gaɓa gaba ɗaya. Dole ka zaɓi wuri guda ka kai shi kafin man ya iso. In ka shimfiɗa shi inda ba nan ba, kafin ka naɗe ka ja shi zuwa wani wurin, man ya riga ka.

Ina ji da wannan manhajar ƙwarai, don ni na zauna wata da watanni ina daidaita ta da gaɓar da muke lura da ita. Kuma ba na ɓoyewa, ina da saurin fushi. Mahaifiyata tun a Zariya take cewa bakina ya fi hankalina sauri. Amma akwai ƙa'ida guda da malaminmu ya cusa mana a makaranta, na riƙe ta gam: in na'ura ta ce abu kaza, mutumin da ke kan ruwa ya ce ga abin da idonsa ke gani, ka bi mai ido, ka gyara na'urar.

Mai idonmu shi ne Baba. Kowa a ofis Baba yake kiransa, har Larabawa da 'yan Bangaladash. Mutumin Yawuri ne, ɗan masunta, a cikin kwalekwale ya tashi. Ya shekara ashirin da wani abu a Saudiyya, tara daga ciki tare da kamfaninmu. Shi ke wanke shingen roba, shi ke loda kaya a mota, kuma duk ranar da za a fita teku shi ake ɗorawa a ƙaramin jirgi, don babu wanda ya kai shi karanta ruwa. Bai yi boko ba, Larabcinsa na kasuwa ne, kuma in ya ga taswira sai ya ce zanen tabarma. Kullum da safe in ya shigo da burodin tamis da wake a leda, sai ya tsaya bayan kujerata ya leƙa.

"Muhandis, yau ina tururuwarka tat tahi?" Muhandis shi ne injiniya, ɗigo-ɗigon nawa kuma su ne tururuwa.

"Baba, ka bar su, sun fi ka sanin hanya."

"Awo? Su da ba su taɓa jiƙewa ba?"

Ya haura sittin, kuma a waɗannan shekarun igama, wato takardar zama, ba ta sabuntuwa sai kafilinka, wato wanda ya tsaya maka, yana sonka da gaske. Kamfaninmu ne kafilinsa. Matarsa ta rasu a nan, 'yarsa guda tana aure a unguwar Misfala da 'ya'yanta huɗu, shi kuma yana ɗaki ɗaya a ƙasan gidan da suke haya. A Yawuri ba shi da kowa sai 'ya'yan ƙanne da bai taɓa gani ba. In kamfani ya sake shi, tafiya ce da ba dawowa, kuma kowa a ofis ya san haka.

Mutum na uku a labarin nan shi ne mudirinmu, wato manajanmu, ɗan mai kamfanin. A Makka aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, amma kakarsa Bakanuwa ce da ta zo aikin hajji ba ta koma ba. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "lafiya lau" da "ina tuwo" ba, sai dai yana son faɗarsu. Mutumin kirki ne, amma ba ya ɗaukar a ba shi kunya a gaban mutane.

A shekarata ta uku, cikin sanyi, aka shirya babban atisaye. Masu wata tashar tace ruwan teku, can gaɓar kudu, tafiyar awa biyu da wani abu daga Makka, suna son su ga ko za su iya dogara da mu. Ba a zuba mai na gaske a atisaye. Allunan katako ake yankawa, faɗin tafin hannu biyu, a shafa musu fenti ruwan goro, a watsa su a ruwa su yi ta tafiya kamar yadda mai zai yi. Biyu daga ciki an ɗaura musu 'yar na'urar da ke aiko da inda suke. Mudir ya tafi gaɓa tare da manyan tashar. Baba yana cikin ƙaramin jirgin wani masunci da aka ɗauka haya na yini guda, yana bin allunan a baya. Ni kuma ina Rusaifa, ni da kwamfuta da kofin shayi.

Ranar iskar kudu ce ke kaɗawa, wadda mutanen gaɓar ke kira azyab. Na ɗura komai, manhaja ta yi lissafinta, ɗigo-ɗigon suka miƙe arewa, suna bin gaɓa, kai tsaye zuwa bakin bututun da tashar ke zuƙar ruwa. Na kira mudir na ce a kai shingen can. Ya ce tayyib, a yi hakan. Jirage biyu suka kama hanya.

Wajen ƙarfe goma na'urar allo guda ta yi shiru, batirinta ya mutu. Ɗayar kuma dama sai bayan awa uku-uku take magana. Ya zama ba ni da ido a kan ruwa sai Baba. Na kira shi. Ina jin ƙarar inji da iska a wayar.

"Baba, kana ganin allunan?"

"Ga su nan gabana, sun yi jerin gwano."

"Ina suka nufa?"

"Gabas sunka yi."

Na ajiye kofin. "Gabas? Ka tabbata?"

"Muhandis, ni za ka tambaya ruwa? Gabas sak, ko karkata babu."

Na sake tambaya har sau biyu, ya sake faɗa har sau biyu, har ya fara jin haushi. Na dubi taswira. Gabas da wurin akwai wani lungun ruwa mai itatuwan nan da ke tsirowa cikin gishiri, inda kifi ke ƙyanƙyasa. Na ce a raina, lallai akwai wani gudun ruwa a wurin da manhajata ba ta sani ba. Raina ya sosu, don ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ga aikinsa na watanni ya kauce. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce. Na rubuta digiri casa'in, wato mafitar rana, a gurbin abin da aka gani da ido, na tilasta wa manhajar ta bi, ɗigo-ɗigon suka juya suka nufi lungun. Na kira mudir na ce a juyo da jirage, a shimfiɗa shinge a bakin lungu. Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce mai ido ya faɗa.

Awa biyu suka ɗauka suna jan shingen nan suna kafa shi. Suka zauna suna jiran alluna, ko guda bai zo ba. Da azahar na'urar da ta rage ta farka ta aiko da inda take, sai ga ta can arewa, daidai inda manhajar ta faɗa tun farko. Kafin la'asar allunan ruwan goro sun taru a bakin bututun tashar suna ta lilo, manyan tashar suna tsaye a kan dakali suna ɗaukarsu hoto. Da mai ne na gaske, da an rufe tashar, garuruwan da ke sha daga gare ta sun koma jiran tankar ruwa.

Washegari mudir ya tara mu a ofis. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce wa ya juyar da jirage? Na ce ni, amma ga dalili. Na buɗe lissafin farko na nuna masa: manhaja ta faɗi daidai, rahoton da ya zo daga kan ruwa ne ya ɓatar da ni. Ya juya ya dubi Baba, wanda ke tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ya ce da ni cikin Larabci, "Tambaye shi, ya ce sharƙ ko bai ce ba?"

Ni ne tafinta, sharƙ kuwa ita ce gabas da Larabci. Na ce, "Baba, ka ce gabas ko ba ka ce ba?"

"Nic ce. Kuma gabas sunka yi, da idona nig gani."

Nan fa zuciyata ta tashi. Ga kunya, ga gajiya, ga dattijo yana tsaye yana musu da abin da kowa ya gani. Na buga yatsa a jikin kwamfutar.

"Wace gabas? Ga inda aka tsince su nan! Inda kake kira gabas ba gabas ba ce, Baba. Haba! Shekara tara kana hawa ruwan nan, a ce har yau ba ka san gabas ba?"

Ya matso ya ƙura wa taswirar ido, shi da ba ya gane komai a cikinta. Sannan ya ce a hankali, "Na'ura tac ce hakanan?"

"Na'ura ta faɗa, taswira ta faɗa, kowa ya gani."

"To," ya ce. Ya koma bakin ƙofa.

Na juya na gaya wa mudir cewa ya amsa, ya ce sharƙ. Mudir ya girgiza kai, ya ce tsufa ya zo, ido ya tafi, ba laifinsa ba ne, amma aikin nan ba ya ɗaukar irin wannan. Igamar Baba saura mata wata guda da 'yan kwanaki. Ya ce ba za a sabunta ba, za a yi masa huruj, wato bizar fita ta ƙarshe. Masuncin da ya tuƙa jirgin babu wanda ya neme shi, na yini guda ne, ya koma harkarsa.

Baba ya daina zuwa ofis. Ni kuwa na ci gaba da aikina, ina gaya wa kaina cewa gaskiya na faɗa. Har wani ɗan daɗi nake ji a ɓoye, tunda manhajata ta fita kunya. Da safe babu mai tsayawa bayan kujerata, na ce ai dama surutunsa yana hana ni aiki.

Bayan mako biyu mudir ya miƙo mini takardar sallama da ɗan akwatin tawada, ya ce in kai wa Baba ya dangwala hannu, tunda ni ke jin yarensa, in kuma karanta masa abin da ke ciki. Na tashi bayan azahar. Hanyar Misfala a lokacin sai haƙuri, ana rushe-rushe ana gine-gine, an toshe nan an buɗe can, ga motocin 'yan umara. Na ajiye mota nesa na taka da ƙafa, na ratsa masu sayar da darduma da masu tsire, na hau wani lungu mai matakala. Kafin in isa an idar da la'asar a masallatai, mutane suna fitowa.

Na same shi zaune a bakin katifa, ya miƙe ƙafafu yana shafa man zafi a gwiwa. Ya rame. A kusurwa ga wata babbar jaka an fara cusa kaya. Ya karɓe ni kamar babu abin da ya faru, ya tambayi iyali, ya ɗaga murya ya ce wa 'yarsa a sama ta sauko da shayi, ga muhandis ya zo. Kunya ta fara kama ni tun daga nan, don na zo da shirin a ɗaure mini fuska.

Na ce ban yi la'asar ba, hanya ta riƙe ni. Ya nuna mini famfo a tsakar gida. Na yi alwala na dawo, ya miƙo mini darduma. Ɗakin ba taga, lungunan da na biyo sun juya mini kai. Na riƙe dardumar na ce, ba tare da tunanin komai ba, yadda na saba faɗa a gidan kowa tun ina ƙarami:

"Baba, ina gabas?"

Ya ɗaga hannu ya nuna bangon da ke bayan ƙofa.

Na shimfiɗa, na tsaya, na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai hannun ya tsaya a sama. Misfala kudu take da Harami. Wanda ke Misfala in zai yi salla arewa yake kallo. Bangon da Baba ya nuna mini arewa ne, kuma ni da bakina na kira shi gabas, shi ma ya gane ni sarai, babu wanda ya yi kuskure a cikinmu. A gida Alƙibla da mafitar rana wuri guda suke, shi ya sa kalma guda ta ishe mu. A nan kuwa wanda ke Rusaifa gabas ɗinsa daban, na Jarwal daban, na Misfala daban. Sai taswirar gaɓar nan ta faɗo mini a rai. Daga inda aka watsa allunan, Makka tana arewa. Allunan Alƙibla suka nufa, sak, ko karkata babu.

Wallahi ban san abin da na karanta a sallar nan ba. Na sallame na zauna. Shayi ya iso, Baba yana zuba mini, yana ba ni labarin yadda jikarsa ƙarama take kiransa da Larabci shi yana amsa mata da Hausa.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda na fi jin nauyin faɗa. Ban gaya masa ba. Na buɗe baki, sai na tuna watanni biyar kacal da na samu aka ba matata da 'ya'yana izinin zuwa, bayan shekara biyu ina nema. Na tuna ni ma igamata a hannun mudir take. Na tuna yadda na buga yatsa a kwamfuta a gaban kowa. In na ce kuskuren fassara ne, to wa ya yi fassarar? Wa ya rubuta casa'in? Na rufe bakina. Na fito da takardar na karanta masa, na buɗe akwatin tawada, na kama babban yatsansa da hannuna na dangwala a inda aka yi alama. Ya goge yatsan a gefen zanen katifa, ya ce Allah ya saka da alheri da na taso da kaina.

Takardar ta kwana huɗu a aljihun motata. Kullum mudir ya tambaya sai in ce na manto ta. Ba na iya cin abinci sosai, ina faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. A rana ta uku matata ta ce, "Wai kai me ke cinka ne?" Na gaya mata duka, ina jiran ta ce in rufa mana asiri, don ita ta fi kowa shan wahalar rabuwar nan. Ta ci gaba da yanka albasa. Sannan ta ce, "Yanzu da hannunka ka kama yatsan bawan Allahn nan?" Na ce da hannuna. Ta ce, "Kai, Baban yara, ban san ka da haka ba." Ba ta sake kallona ba har ta gama girkin.

A rana ta biyar na shiga ofishin mudir na rufe ƙofa. Na ajiye takardar a gabansa na ce kafin ya sa hannu ina da magana. Larabcina a ranar ya yi ta tuntuɓe. Na zana masa gaɓa a bayan ambulan, na zana Makka, na ja layi. Na ce kalmar da Baba ya faɗa tana nufin sharƙ, tana kuma nufin Alƙibla, kuma shi Alƙibla yake nufi. Idonsa lafiya lau, abin da ya gani daidai ne, ya ma yi daidai da manhajar. Ni ne ban tambaye shi wace gabas ba. Na ce kuma na gano haka kwana huɗu da suka wuce.

Ya ce, "Maimaita kalmar."

Na ce, "Gabas."

Ya jingina da kujera, ya faɗe ta shi ma, sau biyu, yana jujjuya ta a baki. Ya ce kakarsa, Allah ya jiƙanta, duk gidan da suka je ziyara, tana ajiye mayafi sai ta ce, "Gabas fen?" wato ina gabas. Yana yaro ya ɗauka sunan darduma ne. Ya ɗan yi murmushi, sai kuma murmushin ya ɗauke.

"Kwana huɗu," ya ce. "Kuskuren ban damu da shi ba, ya muhandis, kowa yana yi. Kwana huɗun nan ne ba zan manta maka ba."

Ya wanke ni tas, kuma ban ce uffan ba, karo na farko a rayuwata da aka yi mini faɗa bakina bai motsa ba. Ya ce in rubuta wa masu tashar cikakken bayani da sunana a ƙasa. Ya ce daga yau babu gabas babu yamma a waya, kowane jirgi a sa masa kamfas, lamba kawai za a riƙa faɗa, kuma ni zan koya wa Baba karanta lambobin ko da zai ɗauke ni shekara. Sannan ya yaga takardar sallamar, ya kira mai kula da takardun ma'aikata ya ce a sabunta igamar dattijon a makon nan. Ni bai kore ni ba, amma ya daɗe bai sake ce mini "ina tuwo" ba.

Ban jira an tashi ba, na kama hanyar Misfala. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe na isa, ba lokacin wata salla ba. Ƙofar ɗakin a buɗe take, na hango shi a kan darduma yana tahiya. Na tsaya a waje har ya sallame. Ya dafa bango ya juyo da ƙyar.

Na durƙusa a bakin ƙofa na gaya masa komai, ban rage ba, har da kwana huɗun. Na ce ya yafe mini. Na ce igamarsa za ta fito, babu inda za shi, ya kwance jakarsa.

Ya rufe fuska da tafin hannu biyu, ya yi hamdala ya fi a ƙirga. Ya ɗaga kai sama ya ƙwala wa 'yarsa kira, sai kuma ya ce a'a, bari tukuna. Ya dube ni.

"Muhandis, tsaya in gane. Wurin da nike kallo cikin jirgi in za ni salla, gabas ta?"

"Ita ce, Baba. Alƙibla ce sak."

"Duk shekarun ga?"

"Duk shekarun nan. Ba ka taɓa kaucewa ba."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "To in bar ramuwa ke nan?"

"Wace ramuwa?"

Ya ce tun ranar da na faɗa a gaban mudir cewa bai san gabas ba, kuma na'ura ta tabbatar, ya dawo gida ya zauna ya yi tunani. In inda yake kallo ba gabas ba ce, to duk azahar da la'asar da ya yi a kan ruwa shekara tara, bai san inda ya kalla ba. Ya ji kunyar ya tambayi malami, kada a ce tsoho a Makka bai san Alƙibla ba. Sai ya fara rama su, kullum daga hantsi har gwiwa ta gaza, yana so ya gama kafin a fitar da shi daga garin, tunda a nan ko ba komai ba zai ɓata ba.

Na dubi kwalbar man zafin da ke gefen katifa, ta kusa ƙarewa. Ranar da na zo da takarda ma abin da ya tashi daga yi ke nan, kuma da na buɗe baki a ranar da ya huta tun a lokacin. Hawaye suka zubo mini, ni da ban yi kuka ba ko ranar da na bar gida.

"Ka bari, Baba," na ce. "Don Allah ka bari. Babu ko raka'a ɗaya a kanka."

"Ai na ji," ya ce. "Share idonka, kai ba yaro ba. Amma na riga na yi niyyar salloli huɗu ga wanga zama, biyu nis samu. Jira ni in cika, mu hau sama mu gaya mata tare."

Ya dafa bango zai miƙe, gwiwar ta ƙi. Na tashi na kama shi ta hammata na tsayar da shi, na koma bakin ƙofa na zauna ina jiransa.